Ƙafafun da Suka Yi Azumi

A maƙerar kawuna Galdino, a layin maƙeran sulke na birnin Milan, ƙasar Italiya, ba a ba sabon hannu aikin sulken ƙwauri. Kwalkwali za a iya ba ka, sulken ƙirji ma haka, don in ya yi wa mai shi yawa sai ya ƙara riga a ciki. Shi kuwa na ƙwauri dole ya kwanta a ƙafa kamar fata, nauyinsa ya rataya a tudun sharaɓa. In ya zame ya sauka a idon sawu, kafin barde ya yi taku ɗari ya fara ɗingishi.

Shekarata tara ina ƙira a ƙarƙashin Kawu ba tare da tambarin kaina ba. Dokar ƙungiyar maƙera ita ce mutum ya ƙera abu guda shi kaɗai, dattawa uku su duba. In sun yarda, ya samu tambarin da zai riƙa bugawa a jikin aikinsa. In sun ƙi, sai ya ƙara shekara uku yana gogen ƙarfen wasu kafin su sake kallonsa.

Manyan da ke nesa ba sa zuwa awo. Ƙafafunsu ake kwaikwaya da kakin zuma, daga gwiwa zuwa tafin sawu, a aiko mana. Wata safiya da sanyi wani mai alfadari, Zanotto, ya sauke akwati cike da ciyawa a ƙofarmu, ya ce saƙon ubangidansa ne, wani barde mai suna Messer Obizzo, na can gindin duwatsu. Yana son sulken ƙwauri kafin wasan mashi na barade da za a yi bayan bikin Ista.

Kawu ya zaro ƙafafun, ya tsaya yana jujjuya su a haske.

"Shekara arba'in ina ganin ƙafafun manya," in ji shi, "ban taɓa ganin waɗanda Allah ya zauna ya yi wa aiki haka ba. Protaso, ga jarrabawarka. In ka ɓata wannan, ba ƙafar ba ce da laifi."

Dogaye ne, miƙaƙƙu, sharaɓar a cike. Aibunsu ɗaya, wani ɗan ƙululu a ƙwaurin hagu, kamar an taɓa bugewa ƙashin ya warke da tudu. Na tambayi Zanotto ko a yaƙi ubangidansa ya samo shi. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai kawowa aka ce ya yi.

Wata biyu na yi a kansu. Ni dama ba mai sauri ba ne. In buga, in gwada a jikin kakin, in koma wuta. Sai ƙarfen ya huce sarai kafin ya taɓa kakin, in ba haka ba ƙafar mutum ta narke a hannunka, don haka rabin yinin a jira yake tafiya. Ƙululun nan kaɗai ya ci mini kwana huɗu, na yi masa ɗan ɗaki a cikin ƙarfen yadda ba zai gurje ba. Da na gama, in ka rufe gaba da baya a jikin kakin ka ɗaure, ko zare ba ya shiga tsakani.

Sati biyu kafin Ista Messer Obizzo ya iso da kansa, Zanotto na jan dokinsa. Tun yana sauka idona ya kai kan ƙafafunsa. Mutum ne mai tumbi da faɗin kafaɗa, amma daga gwiwa zuwa ƙasa kamar an soka muciya biyu a tukunya. Ga gwame.

Kawu ya kalle ni, na kalli ƙasa.

Aka ba shi kujera, na durƙusa na sa masa. Na ɗaure har ramin ƙarshe na maɗaurin. Ya miƙe, sulken ya sulale ya zauna a idon sawunsa, ya yi taku biyu yana ƙara kamar ana jan guga a rijiya.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Bututun murhu na ce a yi mini?"

"A kan awon da aka aiko na yi, ranka ya daɗe."

"To ai ƙafafuna ne aka aiko. Galdino, kai aka ce mini gwani, ka ɗauki aikina ka ba wannan mai barcin. Ka kira dattawanku yau ɗin nan, a rubuta cewa aikin ya ɓaci."

Kawu ya ja ni bayan zugazugi. "Kada ka kuskura ka ce ba ƙafarsa ba ce," ya ce a hankali. "Ba a gaya wa barde haka a garin nan. Wanda ya gwada bara yanzu takalmin doki yake ƙerawa a ƙauye."

"To me zan ce, Kawu?"

"Ka yi abin da ka fi iyawa. Ka yi shiru."

Na fita ɗebo ruwa don in samu iska. Zanotto na tsugune a bakin kwami ya naɗe wando yana wanke laka. Dogayen ƙafafu, miƙaƙƙu, ga ƙululu a ƙwaurin hagu. Wata biyu na yi ina kallon ƙululun nan, ko a kasuwa na gan shi zan gaishe shi.

Ya ga inda idona yake, ya yi maza ya saki wandon.

"Alfadara ce ta harbe ni ina yaro," ya ce. "Ɗan'uwa, ka rufa mini asiri. Mai kakin ƙafafun ubangidana na gaskiya ya fara yi, da ubangidan ya gani ya sa aka narkar, ya tara mu duka gidan ya ce kowa ya naɗe wando. Har mai dafa abinci. Nawa ya zaɓa. Ya ce in maganar ta fita, ni da 'ya'yana biyar mu nemi wani ubangidan."

Abu mai sauƙi ne a ce in sa wa Zanotto sulken a gaban dattawa, kowa ya gani. Na tsaya da guga a hannu ina tunanin shekara ukun nan, ina kuma tunanin 'ya'ya biyar. Ban yanke komai ba, na koma ciki.

Da azahar dattawan suka zo. Babbansu tsoho Bassiano ne, wanda ba ya amsa tambaya sai ya biyo da ita ta wajen kakanni. Aka sa sulken a ƙafafun kakin, ya zauna cif. Aka sa a na Messer Obizzo, ya faɗi. Aka sake, ko an yi kuskure. Ya sake faɗi.

Bassiano ya yi gyaran murya.

"Mutanen Girka na da," in ji shi, "da tagulla suke yin nasu, ba maɗauri, buɗe shi ake yi ya kama ƙafa da kansa. Kakannin kakanninmu kuwa safar sulke suke sawa, ta zobba, wadda ba ruwanta da ƙafar kowa, siririya ko mai kauri. Daga baya aka zo ana dafa fata a matse ta a ƙwauri, wasu su jera mata sandunan ƙarfe a tsaye. A zamanin fata ba a taɓa kiran dattawa a kan irin wannan ba, don fata tana da kunya. Ƙarfe ne ba ya da ita."

"Dattijo, ban zo jin tarihi ba," in ji Messer Obizzo. "Ya dace ko bai dace ba?"

"Ya dace da kakin."

"Kakin kuma ƙafata ce."

"Haka ne, ranka ya daɗe, wa ya isa ya ce ba haka ba."

"To ya dace da ni ke nan?"

"A nan ne muke ɗan dubawa."

Dattijo na biyu ya ce wataƙila kakin ya kumbura a hanya. Na uku ya ce kaki ba ya kumbura, amma ba zai rantse ba. Na ga sun fara kallona irin kallon da ake yi wa kazar da aka riga aka zaɓa. Tsakanin barde da mai gogen ƙarfe, ba wuya a san wanda ƙungiya za ta iya rasawa. Bassiano ya juyo.

"Ɗan nan, kana da abin cewa kafin mu yanke?"

Kawu ya girgiza mini kai. Zanotto na bakin ƙofa ya riƙe hularsa da hannu biyu.

"Tambaya ce kawai, Baba," na ce. "Ranka ya daɗe, yaushe aka ɗauki awon?"

"Bayan Kirsimeti."

"Kafin a shiga azumin Ista ke nan."

"Sai me?"

"Ba komai. Na ga dai yau kwana ashirin da shida ana azumi. Mu nan layin ba mai ramewa, don yawancinmu muna ɗan taɓa cuku a ɓoye. Amma na ji ana cewa wanda ya riƙe shi da gaske, ba nama ba ƙwai, ga yawan durƙuso a coci, ta ƙafa yake fara zubewa."

Ban taɓa jin an faɗi haka ba, a lokacin na ƙera shi. Idon kowa ya sauka a tumbin Messer Obizzo, ya yi sauri ya tashi daga wurin.

Messer Obizzo ya duba ƙafafunsa kamar yau ya fara ganinsu.

"Ban so a sani ba," ya ce a hankali. "Ibada tsakanin mutum da Ubangijinsa ce."

"Allah Sarki," in ji Bassiano. "Ga ƙafar kaki, ga ta yau. Dubi abin da bawan Allah ya bayar."

"Har tsawon ma ya ragu," in ji dattijo na uku, cikin girmamawa.

"Durƙuso ne," in ji na biyu.

Nan take suka yanke cewa aikin ya dace da awo, awon kuma na mai shi ne, abin da ya shiga tsakani kuwa ba hurumin maƙera ba ne, na limamai ne. Na ce zan iya yi masa shafi na ulu a ciki, ya riƙe shi zuwa ranar wasa, in kuma rage tsawon kaɗan.

"Ka rage? In ƙafafun suka dawo bayan Ista fa, in sa me?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. To ulun kaɗai."

"Kaɗan. Na wucin gadi."

Ulun tunkiya guda da rabi ya shiga. Da na zo ɗaura masa, sai da na auna ƙafarsa ta gaskiya da zare, ina yi ina kallon rufi, shi ma yana kallon rufi. Ya fita yana tafiya kamar mai tsallaka rafi, mutum biyu suka ɗora shi a doki. Kafin su kai ƙarshen layi labarin azuminsa ya riga su, har wata mai sayar da kifi ta fito ta taɓa sulken don neman albarka. Zanotto bai waiwayo ba, amma da suka zo kwana ya ɗaga hularsa sama kaɗan.

Washegari Bassiano ya aiko a kira ni zauren ƙungiya. Ya miƙo mini ɗan ƙarfen tambari, sabo, da harafin sunana a bakinsa. Na sa hannu zan karɓa, ya riƙe bai saki ba.

"Aikinka mai kyau ne," ya ce. "Wannan ɗakin da ka yi wa ƙululu, ni ma da ƙyar in yi shi. Amma ka sani, cukun da ka ce ana ci a ɓoye, ba kowa ne ya ji daɗin maganar ba."

Na ba shi haƙuri. Ya saki tambarin.