Layin Masu Gemu

Wata huɗu ke nan Mai Aski bai buɗe askarsa ba, kuma a zatonsa babu wanda ya lura. Tana nan cikin durowar sama, a naɗe cikin wani tsohon ƙyalle, aska mai ƙotar ƙashi da ya saya tun shekarar da ya kama shagon. Kullum da safe sai ya jawo durowar ya dube ta, ya mayar ya rufe.

Hannunsa na dama ne ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofin shayi, daga baya har yana zaune kawai sai babban yatsa da manuni su kama motsi kamar mai murza zare. Ya koyi dabaru. In ana hira, hannun yana cikin aljihu. In ya riƙe injin aski kuwa, rawar injin ce ke haɗiye tasa. Ko uwar yaransa bai faɗa wa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma mutumin da ya shekara talatin yana leƙa tsakiyar kan kowa ba zai yarda a leƙa tasa cikin sauƙi ba.

Ba ciwon ne ya fi ba shi tsoro ba, bencin ne. Shagon kujera ɗaya gare shi, mai juyawa, fatarta ta tsage an liƙe, sai madubi mai tabo a kusurwa, sai dogon benci a jikin bango. A kan bencin nan ake jin wanda ya kwana da zazzaɓi, da wanda yake neman aron tsani, da wanda 'yarsa ta haihu. Masu fita aiki a nan suke barin makullan gidajensu, jere a kan ƙusoshi. Mai Aski ya tabbata duk ranar da aka ce hannunsa na rawa, mutane za su zare jiki ɗaya bayan ɗaya su koma sabon shagon bakin titi mai kujeru uku da talabijin, a bar shi da benci da ƙusoshi.

Sa'ar da ya ci, a ganinsa, ita ce gemu ya shigo yayi a layin. Babu mai cewa a sa masa aska kuma. Kowa ya zauna sai ya ce a rage da inji, a daidaita gefe. Har tsiya yake musu, yana cewa tsufa ya zo musu da ƙyuya.

Ran nan da safe su uku ne a kan bencin. Akwai Direba, wanda ya ajiye tuƙin bas amma bai ajiye surutu ba. Akwai Hedimasta, da jaridarsa ta jiya. Sai Tela, mai shagon da ke jikin na Mai Aski, amininsa tun suna da gashi baƙi, wanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba sai a kan cewa sukari ya yi yawa a shayin Direba. Ana cikin musun ko ruwa zai sauka yau, sai wani mutum ya yi sallama ya shigo, da farar riga a guge. Sabon ɗan hayan da ya tare a saman kantin magani ne makon jiya.

"Baba, sauri nake yi," in ji shi, yana shafa fuskarsa da ta kwana biyar ba a taɓa ba. "Yau ake yaye 'yata a makaranta, ƙarfe goma, kuma za a ɗauki hoto. A kwashe min shi tas. Da aska nake so, an ce min a nan ne kaɗai ake da ta gaske."

Musun ruwa ya mutu nan take. Mai Aski ya ji yatsunsa sun fara aikinsu a cikin aljihu.

"Ai inji ma yana kwashewa," in ji Direba da sauri. "Injin nan nasa, ko kan ƙwai ka ba shi sai ya aske."

"Inji yana barin tsini. Aska nake so."

Hedimasta ya leƙo ta saman jarida. "Malam, da ka bar shi. Uban ɗaliba da ɗan gemu ya fi kwarjini a hoto."

"Uwarta ta ce kada in kuskura in zo da shi," in ji mutumin yana dariya. Shi kaɗai ya yi dariyar.

"To ai askar ma ta dakushe," in ji Direba. "Ko ba haka ba, Mai Aski? Ka ce sai an kai ta wasawa."

Wannan ita ce maganar da ta ɓata komai. Da Direba ya kama bakinsa, da wataƙila Mai Aski ya ƙirƙiro uzurinsa da kansa. Amma a ce askarsa ta dakushe, a gaban baƙo, a cikin shagonsa? Girman kai rawanin tsiya ne, kuma nan take ya naɗa shi har kunne.

"Askata ba ta taɓa kwana da dakushi ba," ya ce. "Kai dai ka san birki da ƙaho, tsaya a nan. Zauna, ɗana."

Ya jawo durowar. Ya warware ƙyallen, ya buɗe askar, ya kama fatar da ke rataye a jikin tebur ya fara wasa ta, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Muddin hannun yana tafiya, ba ya nuna komai. In ya tsaya ne matsalar take, kuma aski da aska rabinsa tsayawa ne. Ya san bai kamata ba, ya kuma san ba zai fasa ba.

Baƙon ya nufi kujera. Kafin ya kai, Tela ya miƙe, ya riga shi zama, ya gyara wuyan rigarsa.

"Layina ne," ya ce. "Tun bakwai nake nan. Yi haƙuri, maƙwabci, minti goma ne."

"Kai da aka rage maka shekaranjiya?" in ji Mai Aski.

"Na gaji da shi. Ƙaiƙayi yake min. Tunda yau an fito da aska, a fara da ni. Kwashe shi duka."

"Tashi, mutumin nan sauri yake."

"In ta yi masa, ai ni ma ta yi min. Sa kumfa, mutumina."

Suka dubi juna ta cikin madubi. Mai Aski ya san abin da baƙon bai sani ba. Bara shi ya raka Tela asibiti lokacin da zuciyarsa ta so ta ba shi kunya, kuma yana tsaye likita ta rubuta masa maganin tsinka jini, ta ce ya kiyayi duk abin da zai yanke shi. Tun daga nan, in allura ta soki Tela a yatsa, sai ya ɓata rabin ƙyalle kafin jinin ya tsaya. Wannan mutumin ne yanzu ya kwantar da kai a jikin kujera, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido.

Haushi ya kama Mai Aski, irin haushin da mutum ke ji in an tare masa hanya da alheri. To, za a gani. Ya yafa masa ƙyalle, ya jiƙa burushi, ya kaɗa sabulu har ya yi kumfa, ya shafe gemun nan mai furfura tun daga saje har maƙogwaro. Direba, wanda ko a jana'iza sai an zungure shi yake shiru, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyinsa. Ana jin ƙarar keken ɗinkin wani can ƙarshen layi.

Ya ja fatar kuncin da yatsun hagu. Ya ɗora askar a ƙasan saje, ya riƙe numfashi, ya ja ta ƙasa.

Ta tafi sumul. Hanya guda, faɗin yatsa biyu, fata tas babu ko ɗigo. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ashe hannun yana nan. Ashe wata huɗun nan tsoro ne kawai ya ɗaure shi. Ya goge kumfar a tawul, ya tura haɓar Tela sama da yatsa ɗaya, ya kawo askar ƙarƙashin muƙamuƙi, inda fata take da laushi, inda wata jijiya ke bugawa a hankali ƙarƙashin kumfa.

A nan hannun ya tashi. Ba da ƙarfi ba, ɗan kaɗawa ne, amma bakin askar ya shiga rawa tsakaninsa da wuyan Tela bai fi kaurin takarda ba. Ya matse ƙotar, rawar ta ƙaru. Ya kamo wuyan hannun da na hagu, sai duka biyun suka kama. Wani guntun kumfa ya zame daga askar ya faɗi a kan ƙyalle. Tela bai buɗe ido ba, bai janye ba, amma Mai Aski ya ga yadda ya damƙe hannun kujera har jijiyoyin bayan hannunsa suka fito. Tsoro yake ji, kuma ya zauna.

Ya ɗaga kai don ya guje wa kallon jijiyar, sai idonsa ya faɗa cikin madubi. Ga Direba da ɗan tsirarun gashin da ya fito masa a haɓa kamar na bunsuru, mutumin da a da duk bayan kwana uku sai an kwashe masa. Ga Hedimasta, wanda ya shekara ashirin da biyar yana korar malamai su je su yi aski, yau da gemu har ƙirji. A bakin ƙofa maƙwabcinsu Kafinta ya tsaya da makulli a hannu, ya kasa shigowa ya kasa tafiya, shi ma da nasa gemun. Babu wanda ke kallon Tela. Duk hannunsa suke kallo, kuma babu mamaki a fuskar kowa.

Ya tuna ranar da ya ɗan yanki Hedimasta a ƙasan kunne, ya ce shi ne ya motsa, Hedimasta ya amsa cewa lallai shi ne. Wata huɗu ke nan cif.

Ya janye askar a hankali, ya naɗe ta. Ƙarar rufewarta ta sa Direba sauke numfashi.

"Hannuna rawa yake yi," ya ce. Ya ɗaga shi sama, a fili, ya bar shi yana abin da yake so. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. "Ɗana, ka yi haƙuri. Ba zan iya sa maka aska ba. Shagon bakin titi suna buɗewa da wuri, za ka gama kafin goma."

Ya jira ya ji abin da ya yi wata huɗu yana tsoro. Hedimasta ya ninke jaridarsa. Kafinta ya shigo ya rataye makullinsa a ƙusar da ya saba, ya nemi wuri a benci ya ce Direba ya matsa.

"Wa ya shirya wannan?" in ji Mai Aski.

"Babu wanda ya shirya," in ji Direba. "Hedimasta ya bar nasa, Tela ya bar nasa, sai muka ga ai ba ma zauna ba. Mu goma sha ɗaya ne yanzu, in ka haɗa da mai kantin magani, duk da nasa sai an matso ake gani."

"Ku goma sha ɗaya, babu mai bakin da zai faɗa min?"

Tela ya buɗe ido. "Wa zai faɗa maka? Kai da in an ce rigarka ta yage sai ka yi sati ba ka gaisa da mutum ba? Uwar yarana wata huɗu tana ce min na zama tsintsiya. Jikata ta daina yarda in ɗauke ta. Duk na shanye. Amma ka ɗora abin nan a wuyan baƙo, wannan kam ban iya shanyewa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ran Litinin za mu je wurin likitar nan. Ni na san hanya, kai ne ka nuna min ita bara."

Kunya da daɗi suka haɗu suka kama Mai Aski. Ya juya baya kamar mai neman wani abu a kan tebur, ya daɗe yana nema.

Baƙon bai tafi ba. Ya dubi agogonsa, ya dubi bencin da gemun da ke jere a kai, ya shafa haɓarsa.

"Baba, a rage min da inji kawai, a daidaita gefe," ya ce. "Na ga shi ake yayi a layin nan. Uwarta kuma ni na san yadda zan yi da ita."

"Matsa masa, Kafinta," in ji Hedimasta. "Maƙwabci, shayi ko ruwa? In na Direba ne, ka ce ruwa."

Tela ya karkata kai yana duba kansa a madubi: gemu cike da kumfa, da hanya guda tas a kunci ɗaya. "To ni fa? Haka zan fita, kamar gonar da aka fara nomewa aka gudu?"

Mai Aski ya goge idonsa da bayan hannun hagu. Ya naɗe askar cikin ƙyallenta, amma bai mayar da ita durowa ba. Ya ɗora ta a kan cinyar Tela, a ƙarƙashin hannun da har yanzu bai gama sakin kujera ba.

"Ajiye min a shagonka," ya ce. "Ko na roƙe ka, kada ka ba ni."

Sannan ya jiƙa tawul ya fara goge kumfar daga gemun amininsa, a hankali, da hannun dama, yana rawa a gaban kowa.