Ƙofar Mai Kek

Wata mata tana ta dukan ƙofar Mai Kek da tafin hannu, ni kuma ina bakin ɗakina ina wanke kwanuka.

"Baiwar Allah, bar dukan ƙofar nan," na ce mata. "Rubutu take yi."

"Wane irin rubutu? Ƙarfe biyu ta ce in zo in karɓi kek ɗin. Yara sun cika min gida."

"To su ƙara cika. In kika firgita ta hannunta ya goce, sunan 'yarki ne zai karkace, ba nawa ba."

Ta galla min harara, ta koma motarta ta zauna. Ni na kore ta. Na faɗa wa kowa, ina kuma sake faɗa, don kada wani ya ce na ɓoye nawa laifin.

Mai Kek maƙwabciyata ce, shekara shida ƙofarta na kallon tawa a gidan haya. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo tana aure a nesa. Kek ɗin ranar haihuwa take yi wa mutane a ɗakinta. In ta zo wajen ado, sai ta rufe taga, ta kashe fanka, ta danna sakata ta ciki, wai iska tana busar da kirim, ƙuda kuma ba ya jin bari. In za ta rubuta suna da ledar nan mai tsinin baki, har numfashi take ɗaukewa. Ko gobara ake ba ta amsa sallama. Duk gidan an san haka, ni ce ma mai gadin dokar.

Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce. Bara da ɓarayi suka shiga gidan da ke bayanmu, mai gida ya cire mana na katako ya sa na ƙarfe, ya bi tagogi ya lafta musu sanduna. Na ce masa ya mai da mu kaji a akurki. Ya yi dariya ya ce, "Iya ke nan, ba a raba ki da magana."

Sai da na ji ƙauri jikina ya ba ni. Tun da nake da ita ban taɓa jin kek ɗinta ya ƙone ba. Na zagaya ta taga, na kira, shiru. Na ɗauki dutse na fasa gilashin.

Tana kwance tsakanin tebur da tandar lantarki, ledar kirim a hannunta, bakinta ya karkace gefe guda. Idonta biyu. Ni take kallo.

"'Yar nan, ga ni," na ce. "Ja jiki ki zare sakata."

Yatsunta suka motsa. Iyakar abin da ta iya ke nan.

Na zura hannu ta cikin sandunan har kafaɗa. Tsakanin yatsana da ƙafarta bai fi taƙi biyu ba. Maza suka taru, wani ya kashe wutar ɗakin daga waje, wasu suna ta dukan ƙofa da ƙafa kamar masu dukan dutse. Aka kira mai walda na bakin titi. Ya zo da injin yankan ƙarfe, ya ja waya daga ɗakina, sai kuma ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yanka mana, me kake jira?"

"Iya, shagona ma na mai gidan nan ne. Sai ya ce."

Aka kira mai gida, aka buɗe wayar kowa yana ji.

"Kada wanda ya taɓa min ƙofa," in ji shi. "Ina da mabuɗi. Ga ni nan tafe."

Na fizge wayar. "Sakata ce ta ciki, ranka ya daɗe. Mabuɗinka ya iya ratsa ƙarfe?"

"Ku dai jira ni, Iya." Ya kashe.

Muka jira. Ban san agogo ba, amma inuwar katanga ta tashi daga bakin rariya ta kai tsakiyar gida. Na samu kwali ina yi mata fifita ta taga, iskar ko rabin ɗakin ba ta kaiwa. Na watsa ruwa da kofi, gefen zanenta kawai ya jiƙa. Sai na koma yi mata surutu, don ba ni da abin ba ta sai baki.

"Kin tuna da kika ce in faɗa miki ranar haihuwata ki yi min kek? Na ce miki an ce ana ruwa ranar. Kika ce to duk ranar da aka yi ruwa in zo da faranti. Damina na tafe, kada ki ce za ki gudu."

Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga. Daga nan numfashinta ya fara ja kamar ana jan buhu a ƙasa.

Na sauko daga taga na shaƙe wuyan rigar mai walda. Na ce in bai yanka ba, zan bi shi da sunansa duk inda ya shiga har in mutu. Ya kunna inji. Wanda ya duba agogo ya ce minti bakwai aka yi ƙofar ta faɗi. Minti bakwai kacal. Da na shiga, idonta yana kan taga, amma ba ta ganin kowa. Matar da na kora ce ta taya ni miƙar da ita, tana kuka tana cewa harafi uku kawai aka rubuta na sunan 'yarta.

Mai gida ya iso bayan an lulluɓe ta. Wallahi a gaban idona, wajen da aka yanke ya fara shafawa kafin ya tambayi mai ɗakin.

Sau uku ina zuwa gidansa. Ba kuɗinsa nake so ba. So nake ya faɗa da bakinsa a gaban 'yar Mai Kek cewa shi ya ce a jira, ya kuma cire mana sandunan nan. Na farko aka ce yana barci. Na biyu aka ce ya fita, ga motarsa ina kallo. Na uku ya fito ya ce, "Iya, in ɗakin ya yi miki ƙunci, gari da faɗi." Ya san ba ni da wurin zuwa.

Na je ofishin da ake kai ƙarar masu gidajen haya. Mutumin da ke kan tebur ya saurare ni yana danna waya.

"Haƙuri za ki yi, Iya. Kwananta ne ya ƙare."

"Na sani, ɗana. Ba kwananta na kawo ƙara ba. Ƙofa na kawo."

Ya ce in rubuta in kawo. Na ce ga bakina, shi ya rubuta. Ya ce ba aikinsa ba ne. Waɗanda suka ji wayar kuwa, kowa ya ce hayaniya ta yi yawa, bai ji da kyau ba. Mai walda in ya hango ni sai ya sauke gilashin walda ya rufe fuskarsa.

Shekaranjiya aka mayar da ƙofar. Ita dai ɗin ce, an yi mata faci, an shafa fenti, an rataya kwaɗo. 'Yar Mai Kek ta kwashe kaya, amma da alama sukarin adon kek ya zube a bayan tebur. Da safe ina zaune a bakin ɗakina, sai ga tururuwa sun yi layi suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, kowace da 'yar ƙwayar sukari, wata ja, wata shuɗiya. Na janye ƙafata suka wuce.