Agogon Baba a Kwali

Ina tsakiyar yanka yadi wayata ta yi ƙara: agogon da na saya wa Baba saboda ciwon zuciya ne ya turo saƙo cewa ya daina jin bugun zuciyarsa. Almakashi ya suɓuce mini. Na kira sau uku, bai ɗauka ba. Na isa gida da takalmi ƙafa ɗaya.

Na tarar da shi yana wanke babur, agogon kuwa yana kwalinsa.

"Ƙaninki ya gaya mini kuɗinsa," in ji Baba. "Abu mai tsada haka, ai sai ranar fita."

Na zube a ƙasa. Ranar da zuciyar ta tsaya da gaske, cewa zan yi ya cire ne.