Ranar da Za a Kashe Mai Ɗinki

"Ni fa ban yarda ba. Mace lafiyarta ƙalau, ko mura ba ta taɓa yi ba, ku ce nan da sati uku za ta mutu?"

Umma ce ke faɗa, tsaye tsakiyar ofishin 'yarta Auta, jaka a hammata. Kuma murna ce ta kawo ta. Shekaranjiya aka ba Auta kofin gwanar rubuta wasan talabijin. Umma ta kalla a gida, ta yi sujadar godiya, ta bi lambobin wayarta kaf ta sanar, har da mai gyaran famfo. Yau ta zo ta taɓa kofin da hannunta, sai ta tarar da bango cike da katunan tsarin wasan, kowane ɗan wasa da kalarsa. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta iya kala. Rawaya na Mai Ɗinki ne, uwar da ke cikin wasan, kuma rawayan sun ƙare tun bangon bai kai rabi ba.

"Umma, labari ne," in ji Auta. "In ba ta mutu ba, 'yar ba za ta tsaya da ƙafarta ba."

"Ke da kika tsaya da taki, mutuwa na yi?"

Marubuta biyun da ke aiki da Auta, wani dogo da wata mai gilashi, suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Kowa ya san wace ce Mai Ɗinki: tafiyar ta Umma ce, tsakin ma nata ne. Har ranar da Mai Ɗinki ta jefa littafin labaran 'yarta a wuta, maƙwabta sun yi ta tsine mata a falon Umma, ita kuwa ta tashi wai za ta duba tukunya. Ita ta san Auta na shekara goma sha huɗu ta ƙona mata nata littafin. Ba su taɓa tayar da zancen ba, a wasan ma ba a sake tayarwa ba.

"To karanta min mutuwar in ji."

Dogon ya miƙe ya karanta. Mai Ɗinki na kwance, tana jawabi shafi biyu kan rayuwa. Umma ta yi dariya har da riƙe tebur.

"Wace uwa ke da lokacin wannan surutu? Ɗana, ka taɓa ganin mai ɗinki? Kayan mutane na jibge a ɗakinta. Fara kira za ta yi, kowa ya zo ya karɓi yadinsa, kar ta tafi da amana."

Mai gilashi ta jawo biro.

"Sannan mukullai. Ta ce wannan na akwati ne, wannan sai an ɗaga ƙofar yake buɗewa. Ta nuna inda ake ɗiga wa keke mai. Ta yi faɗa an bar almakashi a buɗe. In 'yar ta fara kuka, ta ce tashi ki kwashe shanya, hadari ya taso."

"A hankali, Umma, a hankali," dogon na rubutu a bayan takardar jawabin nasa.

Kafin ka ce me, ɗakin ya cika. Darakta ya shigo da kofin shayi, ya manta da shi a hannu. Aka kira 'yar wasan da ke fitowa a Mai Ɗinki, ta durƙusa ta gaishe ta. Umma ta ɗago ta, ta ƙare mata kallo.

"Ashe yarinya ce ke. Tsakin naki bai nuna ba, daga nan ake jawo shi."

Ta yi mata ɗaya. Ɗaki ya ɗauki tafi. Umma ta aje jaka, ta naɗe hannun riga, ta kwanta kan doguwar kujera ta nuna yadda mara lafiya ke laluben carbi ba ta buɗe ido ba. Daɗi ya cika ta. Rabonta da mutane su yi shiru don tana magana har ta manta. Auta na gefe, tana kallonta tana murmushi.

"Wallahi wannan mutuwar ba wanda zai kalla bai yi kuka ba," in ji darakta. "Kofi na biyu ke nan. Kar a taɓa ko kalma."

Umma ta tashi zaune. Sai yanzu ta gane: ta zo ceto, ta gyara musu mutuwar da hannunta, yadda ba mai fasawa.

Ta gyara mayafi, ta ja Auta gaban bangon, ta rage murya.

"Na ji, ku kashe ta, kowa ma zai tafi. Amma matar nan akwai haƙƙi a wuyanta. Littafin yarinyar nan da ta ƙona, har yau ba ta ce komai ba."

Auta ta daina murmushi.

Umma ta ɗauko sabon kati rawaya daga tebur, ba rubutu a kai. Ta miƙa mata, idonta na kan bango.

"Ki saka mata ɗaya kafin na ƙarshen. Ta nemi gafara, 'yar ta amsa. Ke kika san abin da 'yar za ta ce. Rubuta mana, Auta."