Kaka Tana Kan Bishiya

Jirgin ruwan bai gama fita daga mashigi ba Leakhena ta ɗora faɗan da ta faro tun safe a Angkor. A can ne ta ga wani baƙo ɗan yawon buɗe ido ya ɗare kan zakin dutsen da ke ƙofar haikali ana ɗaukarsa hoto, mai gadi kuwa na zaune a inuwa yana ɓare 'ya'yan bado.

"Abin da kakanninmu suka sassaƙa ya zama jakin hawa, kuma ba wanda ya ce uffan!"

"Malama, a yi mana afuwa," in ji Pisey, ƙawarta ta wurin aiki a Phnom Penh. "Hutu muka zo, ba lacca ba."

Narith, abokin tafiyarsu na uku, ya rufe fuska da hula yana dariya. Kawu Bunroeun, ƙanen mahaifiyar Leakhena, shi ke riƙe da injin jirgin.

Tafkin Tonle Sap ya cika ya batse, bishiyoyi sai kawunansu. Suka ratsa ƙauyen da aka haife ta: gidaje a kan ganguna da gora, shago, makaranta, har kejin aladu, kowanne na lilo a kan ruwa. Ba gida ta nufa ba tukuna. Kakarta ta rasu a tsakiyar cikar ruwa, lokacin da babu busasshiyar ƙasar da za a ƙone gawa, sai aka yi yadda aka saba: aka ɗaure akwatin gawar a rassan wata babbar bishiya bayan gari, ya jira ruwa ya janye. Leakhena ta taho da turaren tsinke don ta gaishe ta.

Suna shan kwana ta hango jiragen baƙi biyu a gindin bishiyar. Wani ɗan jagora na nuna akwatin da bakin lema yana zuba bayani, wayoyi duk sun yi sama.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Baƙi ne."

"Na ga baƙi ne! Tun yaushe?"

"An ɗan jima. Wani ya gani ya sa a waya, shi ke nan kowa sai ya ce a kai shi."

"Har da kai kana kawo su?"

Kawu ya kashe inji, ya sosa ƙeya. "Ke ma kin san kakarki. Da ranta ma ba ta ƙaunar zaman shiru. Mai gawayi in ya gifta sai ta tsare shi da hira har kwale-kwalensa ya yi tsatsa. Yanzu ga ta da baƙi kullum."

"Kwale-kwalen katako ba ya tsatsa, Kawu," in ji Narith.

"Ba ka san hirarta ba ne, ɗan birni."

Leakhena ba ta yi dariya ba. "Uwarka ce fa a can! Duk garin nan an rasa mai buɗe baki ya ce a bari?"

"Ruwa zai sauka bayan bikin tseren jirage, a sauko da ita, sufayen haikali su yi addu'a, a ƙone. Mene ne na tada jijiyar wuya?"

Ta miƙa wa Pisey turaren, ta miƙe ta fara kwance shuɗin tamfol ɗin da ya yi wa jirgin rumfa.

"Ke! Rana za ta kashe mini fasinja!"

"Su ma su ɗanɗana."

Ta tuɓe takalma, ta rataya tamfol a kafaɗa, ta kama reshe. Hawan bai gagare ta ba, a irin waɗannan bishiyoyin ta girma. Narith ya daina dariya ya jefa mata igiya. Ta zagaye akwatin da tamfol ta kowane gefe, ta ɗaure tamau, har ba a ganin ko kusurwarsa. Sannan ta haɗa tafukanta a goshi, ta ce a hankali, "Kaka, na zo. Yi haƙuri da su."

Da ta juyo za ta sauko, jiragen sun zama biyar. Wayoyin duk sun bar akwatin sun dawo kanta. Wata baƙuwa ta fara tafi, saura suka ɗauka. Ɗan jagoran ya matso da jirginsa kusa da na Kawu, suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa.

"Me ya ce?" ta tambaya daga kan reshe.

Kawu ya ɗaga kai, ya kare rana da hannu.

"Wai gobe da ƙarfe nawa za ki sake hawa?"