Ƙwaro Mai Gashin Tsuntsu

Cokali yana ƙara a jikin kofin shayinta tun kafin ta fara juyawa. Mai Allura ta ajiye shi da sauri, ta saci kallon abokin aikinta. Kansa na sunkuye.

A ɗakin adana ƙwari na gidan tarihin ta yi furfura, tana shimfiɗa fuka-fukan ƙwari a kan allo, tana kafe su da allura. Tun bara hannunta na dama ya fara rawa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san ranar da aka gane, aikin ya ƙare.

Da safen nan Oga, shugabansu, ya kawo wani ɗan ƙwaron fitila a kwalba, ya ce shi kaɗai aka samu bana, kuma babu hannun da ya yarda da shi sai nata.

Ƙwaron bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Kowane fiffike ya rabu gida shida, siri-siri kamar gashin tsuntsu, ruwan ƙasa da ratsin fari. Tsutsarsa a cikin fure take girma tun bai buɗe ba, shi kuwa yakan laɓe a lungun ɗaki har sanyi ya wuce. Tilas a baje gashin ɗaya bayan ɗaya kafin ya bushe, kuma ba a numfashi a kansa.

Ta ɗauke numfashi. Fiffike uku suka buɗe kamar mafici. A na huɗu hantsakin da take baje gashin da shi ya zille mata. Gashi biyu suka tsinke, suka bar mata ƙura a yatsa.

Sai ta ji abokin aikin tsaye a bayanta.

"Yaya, ai a karye aka kawo shi," ya ce a hankali. "Ni shaida ne. Oga da ko tabaransa ba ya gani idan yana goshinsa?"

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi.

"Yaushe ka san hannuna na rawa?"

"Tun bara."

Sai ta tuna yadda yake rigan ta ɗaukar ƙananan ƙwari, yana cewa manyan sun fi ƙarfin rago irinsa.

Ta daɗe tana kallon fiffiken mai giɓi. Ta rufe shi da gilashi don kada ƙura ta hau, ta jera alluranta, ta tura su gefen teburinsa. Yana can yana neman wata zolayar da zai yi, ta rataye farar rigarta ta aiki a ƙusa, ta ja ƙofar a hankali.