Kwanon Ta'aziyyar Saude

Jiya da dare na yi wani mafarki. Na kai wa Saude ta'aziyyar mahaifiyarta, kwanon ya isa hannunta babu komai a ciki.

Saude abokiyar karatuna ce a kwalejin horon malamai. Garinmu da nisa, don haka a gidansu nake cin tuwon dare, mahaifiyarta Inna Dudu tana sa mini malmala biyu ba tare da ta tambaye ni ba. Daga baya Saude ta yi aure, ni ma na yi. Wata rana wani ya gan mu mu biyu muna hira a gindin darbejiya, maganar ta riga mu isa gida. Tun daga nan sai dai a ce mini tana gaishe ni. Wannan ɓangaren ba mafarki ba ne.

A garin da na tsinci kaina ba a faɗin gaisuwa da baki. Dafa ta ake yi, a zuba a kwano, a rufe. Tawa tana da zafi har tana ƙona mini tafin hannu. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane sun kife lemarsu wajen ƙafa suna tafiya.

A ƙofar gidan Saude an rubuta "Ba Shiga" da gawayi. Rubutun ya ɗago ya dube ni.

"Ina na ukunku, wanda zai zauna tsakaninka da matar gidan?"

Sai ga ni a Ofishin Na Uku. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur yana tauna labule.

"Malam Namadi, kana da aure?"

"Ina da shi."

"Ita fa?"

"Ita ma."

"To me ya rage da za ku ce wa juna?"

"Uwarta ce ta rasu, ranka ya daɗe. Ta ciyar da ni."

"Kowa ma wata ce ta ciyar da shi," in ji bunsurun. "Namu na ukun duk an are su. Ka kawo daga gida."

Ina juyawa na ga matata Kubura tsaye da mayafinta.

"Mu je, Baban Ummi, kafin ta huce."

Mijin Saude, Malam Haladu, ya tarbe mu da mutunci. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma tunda Kubura za ta zauna a tsakani, gara shi ma ya zauna, kada a ce daga gida ɗaya aka kawo shaida. Bunsurun ya leƙo ta taga ya ce yanzu Haladu da Kubura ne ke kusa da juna, su ma kuwa masu aure ne. Aka kira maƙwabciya ta shiga tsakaninsu, ita ma da aurenta. Aka kira mai niƙa na bakin layi, aka kira wadda za ta raba shi da maƙwabciyar. Ɗakin ya yi ta miƙewa kamar ana jan alewa, har Saude ta koma can ƙarshe a kan tabarma, ba ta fi ƙwayar gero ba.

Kwano ya kama hanya. Dokar garin ita ce duk wanda ya karɓa sai ya ɗanɗana, ya tabbatar ba a ɓoye wani abu a ciki ba.

Kubura ce ta fara. "Lafiyarta ƙalau. Gishirin ne ya ɗan yi yawa."

Haladu ya kai loma, ya ce, "Ta'aziyya ce zalla. Allah ya ba da lada."

Wata tsohuwa ta ci, ta tuna tata uwar, ta ƙara ci tana hawaye, hawayen suna hawa goshinta. Babu wanda ya sami laifi a kwanon, babu kuma wanda ya miƙa shi bai taɓa ba.

Na hango Saude ta buɗe. Ta daɗe tana kallon ciki, sannan ta shafa gindin kwanon da tafin hannu.

"Da sauran ɗuminsa," ta ce wa matar da ke kusa da ita. "A gidan Inna ba a mayar da kwano haka nan."

Ta sunkuya ta faɗi wani abu a cikinsa, ta rufe. Wannan karon ba wanda ya buɗe, saboda nauyi. Kowa da hannu biyu yake karɓa, ya yi saurin miƙawa gaba. Da ya iso wurin Kubura, ta riƙe shi a cinyarta na ɗan lokaci, sannan ta turo mini.

"Wannan naka ne."

Na ɗora hannu a kan murfin.

Ƙarar murfin tukunya da ya faɗi a tsakar gida ce ta tashe ni. Gari ya waye, Kubura tana wanke-wanke. Da na fito, ba ta ɗago ba ta ce, "Jibi ne sadakar arba'in ta Inna Dudu. Ni zan je. Kai fa?"

Na ce bari in wanke fuska. Har na bar gida ban ba ta amsa ba.